Za a yanke wa mai gadinmu albashi saboda batirin sola, wai mu da ba ma riƙe alli wa ke tsaya mana?

Akawu_MaiFayil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya min a rai tun ranar Litinin. Ni akawu ne a wata firamare ta gwamnati, shekarata 11 a wurin, ba zan faɗi sunanta ko ƙaramar hukumar ba kar a ce na kai ƙara. Daren Asabar ɓarayi suka shigo ta bayan ajin 'yan shida inda katanga ta zube tun daminar bara, suka ɓalle ƙofar ofishin hedimasta suka kwashe batirin sola guda biyu da inbata, har fankar sama ba su bari ba. Mai gadinmu dattijo ne, Baba muke ce masa, shi kaɗai ne a makaranta mai bulo bakwai, abin da ke hannunsa gora ce da tocila, tocilar ma shi yake sayen batirinta. Ya ce ya ji motsi ya zagaya, kafin ya isa sun yi gaba. To ranar Litinin aka ce in buga masa kwere, wato takardar neman bayani, ni na buga da hannuna, ni na karanta masa don ba ya karatun boko, kuma ni ne dai na zauna na rubuta masa amsar. Yanzu maganar da ake yi wai za a riƙa cire kuɗin kayan daga albashinsa duk wata har ya biya. Tambayata biyu ce. Na farko, doka ta yarda da haka? Na biyu, wai mu masu gadi da masinjoji da masu shara da akawuna, wace ƙungiya ce tamu? Don duk wata ana cire min kuɗin ƙungiya amma ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce ya aiki ba.

DanBaiwa77:
Innalillahi. Batirin sola biyu da inbata a albashin mai gadi? Ai sai ya yi ritaya bai gama biya ba.

Maman_Ilham:
Allah sarki Baba. Wallahi na karanta sai da ƙwalla ta zo min, babana gadi ya yi a wata sakandare har ya rasu, lokacin sanyi buhun siminti yake shimfiɗawa a baranda ya hura wuta a tsohon kwano.

MalamAjiHudu:
Malam Akawu ba wai ina raina damuwarka ba amma kar a mayar da abin kamar mu malamai muna cikin daula ne. Ni ɗalibai 94 ne a rajistata, ƙarin girmana na ƙarshe a takarda ya tsaya, ko kwabo bai shiga alat ba. Jirgi ɗaya ya kwaso mu duka.

Akawu_MaiFayil:
@MalamAjiHudu na sani ranka ya daɗe, ni nake buga muku takardun ai, na fi kowa sanin wanda aka yi wa ƙarin girma na baka. Jirgi ɗaya ne amma wasu a kan kujera suke wasu a kan kaya.

Lauyan_Unguwa:
Bari in amsa ta farko gwargwadon abin da na sani. Dokar Ƙwadago ta Najeriya sashe na 5 ta yi magana kan cire kuɗi daga albashi. Mai ba da aiki ba ya da ikon ya tashi kawai ya ce na ci ka tara. Idan asara aka yi, sai ya kasance sakacin ma'aikacin ne ko gangancinsa ya jawo, kuma sai an samu amincewar jami'in ƙwadago a rubuce kafin a fara cirewa, sannan jimillar abin da za a cire a wata ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi ba. To a nan kalmar sakaci ita ce komai. Mutum ɗaya, bulo bakwai, katanga a zube, ba fitila, ina sakacin? Abin da zan tambaye ka Malam Akawu, akwai wata takarda da aka taɓa rubutawa ana kai kukan katangar nan? In akwai, ka yi mata hoto yau yau, kar ka jira gobe, fayil yana da ƙafa a ofisoshinmu.

Akawu_MaiFayil:
Akwai! Har biyu ma, ɗaya watan Satumba ɗaya bayan hutun ƙarshen shekara, ni na buga su, kuma kwafin da aka buga wa hatimin karɓa yana cikin durowata.

Lauyan_Unguwa:
To ka riƙe su kamar ƙwai. A haɗa su da amsar kweren.

Tsohon_Hedimasta:
Salamu alaikum. Na yi shekara 35 a wannan harka, 14 daga ciki ina shugabantar makaranta, don haka ku bar ni in faɗi abin da ba za ku so ji ba. Ba duk mai gadi ne Baba ba. Na yi aiki da wanda ƙarfe goma na dare yana gida wurin amaryarsa, da asuba ya dawo ya baza tabarma kamar a nan ya kwana. Na yi da wanda da shi ake haɗa baki a cire tagogi da ƙofofi a kai wa 'yan gwangwan. Na yi da wanda sunansa ne kawai a takardar albashi, ɗan uwan wani kansila ne, ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar tantancewa ya zo da babbar riga. Shi hedimasta in kaya suka ɓace shi ake fara kira, in bai ba da kwere ba shi za a ba. Don haka kwere ba zalunci ba ce, tambaya ce, ka faɗi abin da ka sani. Amma maganar yanke albashi kam ban goyi baya ba, kuma ni a zamanina ban taɓa bari an yi wa na ƙasa da ni ba.

DanBaiwa77:
Baba Hedimasta da girmanka, amma shi ɗan uwan kansilan kwere nawa ka ba shi? hhhh

Tsohon_Hedimasta:
Ɗana, na rubuta a kansa sau ɗaya, bayan sati uku aka yi min canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da sai an cire takalmi an tsallaka rafi. Ka samu amsarka.

Hajjo_MaiTuwo:
Ni dai ku ƙyale ni in shigo da namu kukan tunda an buɗe faifai. Ina cikin matan da suka yi girkin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin tarayya. Naira 70 ake lissafa wa kowane yaro, daga baya aka mayar 100, a cikin wannan kuɗin ne za ki sayi shinkafa da wake da mai da itace, ki biya mai a-daidaita ya kai miki kuloli makaranta, ki biya yarinyar da ke taya ki wanke-wanke. Kuɗin kuma ba ya zuwa kan lokaci, sai ki ci bashin mai shago ki yi ta girki kina jiran alat. Da aka dakatar da shirin a Janairun 2024 ba wanda ya kira mu ya ce ga yadda ake ciki, a rediyo na ji. Manyan tukwanena guda uku suna nan a kife a bayan ɗaki, ɗaya ma na sayar na rage bashi. Mu ko ma'aikata ba a ɗauke mu ba, 'yan kwangila ne wai, to ɗan kwangilar da bai taɓa ganin riba ba.

Maman_Ilham:
Hajiya sannu, Allah Ya mayar da alheri. Yaran unguwarmu lokacin har waɗanda ba a sa su makaranta ba suna bin 'yan uwansu da kwano ranar ƙwai.

Kwamared_Sani:
Malam Akawu tambayarka ta biyu ita ce ainihin ciwon. NUT ta malamai ce, sunanta ma ya faɗa. Ƙungiyar da aka kafa don ma'aikatan makarantu da ba sa koyarwa ita ce NASU, kuma ba ta jami'a kaɗai ba ce kamar yadda mutane suke zato, tana da ɓangaren makarantu da kwalejoji. Sai dai a jami'a ne take da haƙori, shi ya sa in ka ji sunanta a labarai to tare da SSANU ta manyan ma'aikatan jami'a ne ana maganar albashin da aka riƙe musu. A firamare kuwa mutum biyu ne a wannan makaranta, uku a waccan, ba su san juna ba, ba su taɓa zama a ɗaki ɗaya ba. Ga kuma NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, wasu a can ake cire musu. Ka duba takardar albashinka da kyau ka ga sunan wa aka rubuta a gaban kuɗin da ake cirewa, daga nan za ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Akawu_MaiFayil:
Kwamared wace takardar albashi? Rabona da ganin ta tun kafin korona. Alat kawai muke gani, yau ya ƙaru da ɗari uku gobe ya ragu da dubu ɗaya, in ka je tambaya a ce daga sama ne.

Kwamared_Sano_ba_Sani_ba:
Daga sama ne, daga sama ne, kamar ruwan ƙanƙara.

MalamAjiHudu:
Amma tsakani da Allah duk lokacin da NUT ta yi yajin aiki aka samu ƙari ai har da ku ake samu. Mu ke shan barazanar kora, ku kuna gefe.

Uwar_Tsintsiya:
Malam ka yi haƙuri amma wannan maganar ba haka take ba. Ni mai shara ce kuma ni ke kula da 'yan rabin aji in sun yi kashi ko fitsari, yau shekara 9. Ba na cikin takardar albashin gwamnati sam, kuɗin PTA, ƙungiyar iyaye da malamai, ake tsakura a ba ni, in iyaye ba su biya ba to wannan watan sai haƙuri. Da kuka tafi yajin aiki makaranta ta rufe, PTA ba ta tara komai ba, ni ban samu komai ba, kuka dawo aka biya ku bashinku ni wa ya biya ni? Kuma ban ce laifinku ba ne. Amma bandakin nan guda huɗu da yara sama da dubu suke shiga, ba ruwa tun da famfon ya lalace, da bokiti nake ɗebowa daga masallacin unguwa, safar hannu ni na saya, omo wani lokaci daga gidana nake ɗaukowa. Ranar da masu duba makarantu za su zo kuwa sai ka ga an sayo Izal har galan biyu.

Maman_Ilham:
Wannan na Izal ɗin gaskiya ne wlh, har fenti ake yi wa duwatsun bakin ƙofa.

MalamAjiHudu:
Yaya ki gafarce ni, ban yi tunanin irin naku ba da na yi maganar. Na janye.

Lauyan_Unguwa:
@Uwar_Tsintsiya shekara 9 ba takarda? Dokar da na ambata a sama, sashe na 7, ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takardar da ta bayyana sharuɗɗan aikinsa. Matsalar irin naki ita ce wa ya ɗauke ki, makaranta za ta ce PTA ce, PTA kuma shugabanta yana canzawa duk bayan shekara biyu.

Uwar_Tsintsiya:
Wanda ya ɗauke ni ya rasu ma, Allah Ya ji ƙansa. Da baki ya ce min ki fara zuwa gobe.

Bakon_Amurka:
Ina bin muhawarar nan daga nesa, ni direban motar 'yan makaranta ne a nan Amurka, irin rawayar bas ɗin nan. Kar ku ɗauka wannan rainin a gida kaɗai yake. A nan ma makarantun gwamnati gunduma gunduma ne, kuma masu shara da masu abinci da direbobi da masu taimakon yara masu buƙata ta musamman su ne a ƙasan tukunya, da yawa ba a ba su cikakkun awanni, lokacin dogon hutu kuma ba albashi. Amma ga abin da ya faru a Los Angeles a Maris ɗin 2023, ƙungiyarsu SEIU Local 99 mai mutum kusan 30,000 ta tafi yajin aiki na kwana uku, daga 21 zuwa 23 ga wata. Suka ce matsakaicin abin da ɗansu yake samu a shekara dala 25,000 ne, kar ku buga lissafi da canjin naira ku ce ai masu kuɗi ne, a garin nan kuɗin haya kaɗai ya isa ya cinye shi. Abin da ya ba yajin ƙarfi shi ne malamai sun ƙi shiga aji, suka fito suka tsaya tare da su, makarantu suka rufe wa yara sama da 400,000. Magajiyar gari Karen Bass ta shiga tsakani, aka tashi da ƙarin albashi na kusan kashi 30 cikin ɗari. Ni ba a can nake aiki ba amma har wurinmu sai da abin ya yi tasiri a zukatan mutane.

DanBaiwa77:
Yallaɓai dala 25,000 kuma ka ce kar mu buga lissafi? Na riga na buga, yanzu haka jiri nake ji. Ba a neman mai gadi a wajenku? Ina da gora.

Bakon_Amurka:
Hhh ƙanina ka zo ka tashi ƙarfe huɗu na asuba cikin ƙanƙara kana kankare gilashi, sannan yara 50 suna ihu a bayanka kana tuƙi, in ɗaya ya yi barci ka manta shi a mota aikinka ya ƙare ranar.

Kwamared_Sani:
Abin da zan ɗauka daga maganar Baƙo shi ne malamai sun fito don masu shara. A nan yaushe aka taɓa yi? Ku duba dokar shekarun ritaya da Buhari ya sa wa hannu a 2022, malami ya kai shekara 65 ko 40 a aiki. Shi akawun da ke ofis ɗaya da shi yana nan a 60 ko 35. Ban ce a ƙwace wa malamai ba, sun cancanta, amma ko a teburin tattaunawa ba wanda ya tuna akwai wasu mutane a cikin makarantar.

Tsohon_Hedimasta:
Kwamared a nan kuma ban bi ka ba. Kana so a ƙara wa mai gadi shekara biyar yana zagaye cikin dare? Baban da ake magana a kansa na tabbata a takarda 50 da wani abu ne, a zahiri ya haura 70. Abin da yake buƙata a sallame shi da garatutinsa a hannu ya je ya huta, a ɗauki matasa biyu. Amma an daina ɗauka. Wanda ya mutu ko ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, haka muka tashi daga masu gadi uku zuwa ɗaya a makarantar da na bari.

Kwamared_Sani:
Baba ai shi ya sa ba sa son tafiya, wa zai tafi ya shiga layin garatuti? Gara albashin da bai isa ba da fanshon da ba a san ranar farawarsa ba.

DanDamagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan haka zancen yake, a lakwal da yawa babu gardi na gwamnati, COGES ne wato kwamitin iyaye da malamai suke haɗa kuɗi su biya shi, wani jika 15 wani jika 20 (jika ɗaya sefa dubu ke nan), alhali mafi ƙarancin albashi an kai shi jika 42 tun farkon 2024. Abin da ake yi masa kawai a ba shi ɗaki a cikin lakwal ya zauna da iyalinsa, matarsa ta riƙa sai da ƙosai da fanke ga yara lokacin hutun safe, to da wannan suke rufa asiri. Amma fa in aka yi sata shi ma shi ake fara kamawa.

Maman_Ilham:
Ikon Allah, ashe ko'ina gadi sunansa gadi.

SabonJini_2027:
Duk wannan laifin gwamnonin jam'iyyar da kuka zaɓa ne, ku ci gaba da karɓar taliya.

Admin_Zaure:
@SabonJini_2027 ba a siyasar jam'iyya a nan, gargaɗi na farko. A koma kan maganar Baba mai gadi.

Ma'aji_Ritaya:
Bari in ɗan warware inda kuɗin yake bi don na ga ana ta cewa daga sama. Na yi aiki a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma. Albashin firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi tun a asusun haɗin gwiwa na jiha, a miƙa wa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ita ta biya. Kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, da kuke ji, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya da dokar 2004 ta ware, na gini ne da kujeru da littattafai da horo, ba a biyan albashi da shi. Shi ya sa za ka ga sabon bulo da fenti da sola a kan rufi, amma ba a ƙara ko mutum ɗaya da zai tsare shi ba. Mai kawo solar daban, mai biyan mai gadi daban, ba sa ma haɗuwa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mutane suka yi ta murna, ni kuwa gabana ne ya faɗi don na tuna shekarun da albashin firamare yake hannun ciyamomi, wata biyar wata shida ba a biya ba. Ku dubi Abuja, malaman firamare sun fi wata uku a gida a 2025 saboda ƙananan hukumomin birnin ba su fara biyan sabon albashi na 70,000 ba. Abuja fa.

Akawu_MaiFayil:
Ranka ya daɗe ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Da aka zo sa solar nan Baba da kansa ya ce wa masu aikin ku sa wa ƙofar nan ƙarfe, suka ce ba ya cikin kwangila.

Lauyan_Unguwa:
Wannan ma a rubuta a cikin amsar, da ranar da aka yi in ana tunawa.

Direba_Kwamanda:
Ni tambaya ce da ni ba a kan sata ba. Idan mutum ya ji rauni a bakin aiki fa? Abokin aikina lebura ne, aka sa shi ya hau gyaran kwanon aji bayan iska, ya faɗo ya karye a cinya, karo-karo muka yi aka kai shi wurin mai ɗori.

Lauyan_Unguwa:
Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar inshorar ma'aikata NSITF ke kula da ita, mai ba da aiki ne yake zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi, ba a cire wa ma'aikaci komai. Ta shafi ma'aikatan gwamnati ma. Abin tambaya shi ne ko an yi musu rajista ana zubawa, wannan sai ku bincika a ofishinku.

Direba_Kwamanda:
Yau na fara jin sunanta wallahi.

Maman_Ilham:
Ni abin da ya fi tsorata ni ba batiri ba ne. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024 har yanzu tsoho da gora ne tsaron makaranta? Da ɓarayin nan da makami suka zo, kuma Baba ya riske su, yau da wace magana muke yi? Da ta'aziyya za a je a kai buhun shinkafa a ɗau hoto. Ya tsira da ransa kuma an ce ya biya.

Tsohon_Hedimasta:
'Yata kin faɗi gaskiya. Ni kullum abin da nake gaya wa masu gadina, aikinka ka gani ka yi kururuwa, ban ɗauke ka ka mutu a kan fanka ba.

DanBaiwa77:
To wai ina 'yan kwamitin SBMC na makarantar, na mutanen unguwa masu sa ido a kanta? Ba aikinsu ba ne irin wannan?

Akawu_MaiFayil:
Suna nan, mai unguwa ne shugaba. Jiya da yamma na je na same shi a ƙofar gida na karanta masa takardun katangar guda biyu, ya yi shiru can ya ce ai shi ma da bakinsa ya faɗa wa sakataren ilimi maganar katangar a wurin wani ɗaurin aure. Ya ce zai je da kansa ranar Alhamis. Hedimastanmu ma don Allah kar a zage shi, ba mugu ba ne, tsoro yake ji, ya ce min in na samu hanyar da za a bi ba tare da sunansa ya fito ba zai sa hannu a bayan fage.

Kwamared_Sani:
Sa hannu a bayan fage kuma wane iri ne? Hhh. Malam Akawu ka ga irin abin da nake faɗa, yau mai unguwa zai ceci Baba saboda kai ka tsaya, gobe in kai ne wa zai buga maka amsar kwere? Ku nawa ne marasa koyarwa a ƙaramar hukumarku, ka taɓa ƙirgawa? Jerin sunayen ta hannun irinku yake bi. Ku fara da guruf na WhatsApp ko na mutum 20 ne, ku je ofishin NASU na jiha ku ce ga mu, a nuna mana inda kuɗinmu yake shiga.

Uwar_Tsintsiya:
In an buɗe a sa da mu 'yan PTA don Allah, kar a ce sai mai lambar fayil.

Kwamared_Sani:
Hajiya a nan ne gizo yake saƙar, ƙungiya da kuɗin da ake cirewa daga albashi take sanin ɗanta, ke kuma ba a cire miki don ba ki cikin takardar. Amma guruf ai ba ya tambayar lambar fayil.

MalamAjiHudu:
Ni dai ranar Alhamis in da hali a samu malamai ko uku su raka mai unguwa. Na yi magana da wakilin NUT na shiyyarmu ya ce ba hurumin ƙungiya ba ne amma ba wanda ya hana mutum zuwa a ƙashin kansa.

Ma'aji_Ritaya:
Ku je da takarda, kar ku je da baki. Kuma ku nemi a buga muku hatimin karɓa a kwafinku.

Akawu_MaiFayil:
Na gode 'yan uwa, na kwafe duk shawarwarin. Yanzu na dawo daga makarantar, na tarar da Baba ya jawo ƙayar magarya ya toshe inda katangar ta zube, hannunsa duk ya farfashe. Ya tambaye ni wai in an fara cirewa za a bar masa na hatsi? Na ce masa ba a kai nan ba tukuna. @Lauyan_Unguwa shi wannan jami'in ƙwadagon da ka ce sai ya amince, a sakatariyar tarayya ake samunsa ko a ta jiha?

Lauyan_Unguwa:
Ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke babban birnin jiharku. Amma ku bari a ga abin da Alhamis za ta haifar tukuna, kar ku tsallake sakataren ilimi ya ji a sama, sai abin ya koma rigima da kai.

Hajjo_MaiTuwo:
Malam Akawu ka turo min lambarka ta inbox, ina da tocila mai caji da ɗana ya kawo min ba na amfani da ita, a kai wa Baba.

DanBaiwa77:
Hajiya a ina zai yi cajin, an sace solar fa.